Ranar da Aka Ɗauki Bapa Jeram da Ransa

Mansukh ya kwanta rubda-ciki a bakin rijiyar gonarsa yana leƙen ƙasa, wata zakanya kuma tana leƙensa daga cikin ruwa. Ta rungume bututun injin ban-ruwa da ƙafafunta na gaba, kanta kaɗai ne a waje, kunnuwa a kwance. Kallon da take masa irin wanda matarsa Labhu take masa ne duk ranar da ya dawo daga kasuwa ba tare da abin da aka aike shi ba.

"Bandi," ya ce da ita a hankali, "duk faɗin dajin Gir bai ishe ki ba, sai rijiyata?"

Bandi ta yi wani gurnani gajere, ruwa ya shiga bakinta, ta yi tari.

Shekaru ke nan zakanyar mai guntuwar wutsiya take fitowa daga daji tana kwana a gonar Mansukh. Ba ta taɓa neman izini ba, shi ma bai taɓa tambayar dalili ba. Tun da ta zaɓi wurin, ko aladen daji ɗaya bai sake tona masa gyaɗa ba, barewa kuwa sai dai ta tsaya daga nesa ta haɗiyi yawu. Sauran manoma suna kwana bisa rumfa suna kaɗa gwangwani, sauro yana shan jininsu. Mansukh yana kwana a gida, har ya ajiye tumbi. Maƙwabcinsa Vallabh, wanda shinge ne kawai tsakanin gonakinsu, ya taɓa ɗaure wata tsohuwar akuya a gefensa ya ce mantuwa ya yi. Bandi ta cinye akuyar, ta dawo gonar Mansukh ta yi barcinta.

Ƙarar babur ta sa ya ɗago. Hetalben ce, ma'aikaciyar gandun daji, da nannaɗaɗɗiyar igiya a bayanta. Ta sauka ta leƙa rijiyar, ta daɗe tana kallo, sannan ta dubi bakin rijiyar da yake daidai da ƙasa ta kowane gefe.

"Mansukhbhai, ina katangar?"

"Wace katanga, ben?" in ji shi, yana kiranta 'yar'uwa da harshensu.

"Wadda muka yi maganarta bara. Da bara waccan."

"Ai na sayo bulo, ben."

"Na gan shi. Ka gina wa babur ɗinka ɗaki. Ya yi kyau kuwa, har da taga."

Mansukh ya sosa ƙeya. Ta ce motar ceto mai keji da likita tana can ɗaya gefen dajin, ana lallashin wata damisa ta fito daga ɗakin kajin wani, kuma ba za su iso ba sai rana ta yi sanyi. Bandi ba za ta kai lokacin ba.

"Idan ta saki bututun nan, ita ta huta," in ji Hetalben. "Kai ne za ka je ka ci gurasar gidan yari, kana yi wa alƙali bayanin taga. Je ka kawo gado in zura mata ta hau. Na katako da saƙar igiya, mai ƙwari. Kada ka kawo mini na ƙarfe mai zaren roba, farcenta zamewa zai yi."

A nan matsalar take. Duk ƙauyen sun koma gadon ƙarfe. Na katakon da suka rage, ko kyanwa ta hau sai sun yi ƙara. Gado ɗaya ne tak zai iya ɗaukar zakanya, kuma akwai mutum a kai.

Bapa Jeram, mahaifin Mansukh, ya kwanta a gadon nan ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida tun wata damina da ta wuce da daɗewa, ya sanar da iyali cewa mutuwa zai yi. Har yau yana kan bakansa. Sai dai kowace safiya yakan ci gurasar gero da man shanu, ya kora da tsala, ya kunna tabarsa, sannan ya ci gaba da mutuwar. Mansukh ya tarar Dhiru wanzami ya gama yi masa gyaran fuska yana goge aska a tafin hannu.

"Bapa, tashi."

"Ka ji shi, Dhiru. Da zan iya tashi, da ina nan kwance ina kallon wannan fuskar?"

"Bandi ta faɗa rijiya."

Tsohon ya cire tabar daga bakinsa. "Ta haura katangarka ke nan? Lallai ta iya tsalle."

"Bapa, ba lokacin wannan. Ma'aikaciyar daji ta ce a kawo gado."

"Ma'aikaciyar daji." Bapa ya dafe ƙafar gadon da hannu, kamar za a fizge. "Ka san daga inda itacen nan ya fito?"

"Na sani. Duk ƙauye sun sani."

"Ita ba ta sani ba. Ni na saro shi a dajinsu, na ɗauko a kafaɗa, lokacin ko uwarta ba a haifa ba. Tana gani za ta ce kayan gwamnati ne. Ni ba na rabuwa da gadona. Inda ya je, nan zan je."

Labhu tana bakin ɗakin girki, mayafi ya rufe mata fuska saboda surukinta. Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba tun da aka yi auren, kuma hakan bai taɓa hana ta ba shi umarni ba.

"Kana ji? Ka ɗauke su tare mana. Ni ma in samu in share wurin."

Haka aka yi. Mansukh ya kama kusurwa ɗaya, Dhiru ɗaya, maƙwabta biyu da suka shigo jin gulma aka ɗora musu sauran. Suna fita ƙofar gida rana ta dalle wa Bapa ido, ya ja farin mayafinsa ya rufe har kansa.

Hanyar gonar Mansukh ta tsakiyar kasuwa take bi, ta fita ƙauye, ta gangara wajen rafi. Ita ce kuma hanyar filin da ake ƙona gawa. Mansukh bai tuna da wannan ba sai da ya ga mai shayi ya ajiye butarsa ya miƙe tsaye ya haɗa tafukan hannu. Mai shagon taki ya jawo ƙofar shagonsa ƙasa. Mai gyaran taya ya yi haka. Wani daga baya ya ɗaga murya da kiran sunan Ram, abin bautarsu, kamar yadda ake yi idan an ɗauko gawa, ya ce, "Ram bolo, bhai," sai kasuwa duka ta amsa, "Ram."

Mansukh yana haki, ya buɗe baki. "Jama'a, ba..."

Wasu yatsu biyu suka fito daga ƙarƙashin mayafi suka murɗe masa kunne.

"Rufe bakinka," in ji gawar cikin raɗa. "Ina so in ji."

Kafin su wuce shagon tela, maza sun yafa tawul a kafaɗa sun bi sahu. Kuma a ƙauyen nan ba a barin mutum huɗu su kwashe ladan ɗaukar mamaci su kaɗai. Kowa sai ya sa kafaɗarsa ko na 'yan taku ne. Aka janye maƙwabtan nan biyu aka maye gurbinsu. Aka janye Dhiru, wanda ya san gaskiya sarai, amma ya koma baya yana ƙare wa kawunan dangi kallo, yana hango askin makoki. Sannan wani dattijo mai suna Karsan ya kamo hannun Mansukh.

"Kai ɗa ne, gaba za ka wuce. Ina tukunyar wuta? Ko wuta ba ku ɗauko ba? Yaran yanzu."

Nan da nan aka samo wata 'yar tukunyar ƙasa, aka zuba garwashi daga murhun mai shayi, aka rataya da igiya aka damƙa masa.

"Karsan-kaka, Bapa bai mutu ba."

"Haka ne, ɗana," in ji dattijon yana bubbuga masa kafaɗa. "Ni ma haka na yi ta faɗa ranar da nawa ya tafi. Yi tafiyarka a hankali."

A hankali kuwa aka yi ta. Ba a gudu da mamaci. Mansukh yana gaba da tukunya, hayaƙi yana shiga idonsa yana zubar da hawaye, mata a ƙofofin gidaje suna cewa ashe yana son ubansa haka. A ransa ba ya ganin komai sai farcen Bandi a jikin bututu mai santsi. Ya ɗan ƙara sauri, Karsan ya jawo rigarsa. Daga baya yana jin hirar masu rakiya.

"A kan gado za a kai shi? Ko gorar makara bai saya ba."

"Mutumin da ya hana rijiya katanga?"

"Amma tsohon akwai nauyi. An ce ya daina cin abinci."

"Wa ya ce? Shi ya faɗa."

"Ya huta dai. Surukarsa ma ta huta."

Mayafin ya ɗan motsa, aka ce iska ce.

A bakin ƙauye Vallabh ya iso da gudu, har ya samu lokacin sa fararen kaya. Ya ture wani ya karɓi kusurwar da ke wajen kai, yana kuka mai sauti, irin wanda ake yi don na baya su ji.

"Jeram-kaka uba ne a wurina," ya ce wa na kusa da shi. "Kullum sai ya ce, Vallabh, kai ne ɗan da ban haifa ba. Ko a makon nan ya kira ni ya ce, mangwaron nan na kan iyaka, idan na tafi, naka ne."

Mangwaron kan iyaka bishiya ce da gidajen biyu suka yi ta jayayya a kanta tun zamanin kakanni. Saiwarta tana gonar Mansukh, rabin rassanta suna leƙa gonar Vallabh, 'ya'yanta kuwa sun fi na kowa zaƙi a yankin.

Suka kai dakalin da ke bayan gari, inda al'ada ta ce a sauke mamaci ya huta kafin a ƙarasa da shi. Aka sauke gadon. Karsan ya ce a jira, an tafi kiran malamin ibada, yana wanka. Maza suka tsuguna a inuwa. Wani ya fara murza taba a tafin hannu.

Wayar Mansukh ta yi ƙara.

"Mansukhbhai, daga birnin Junagadh kake sayo gadon?" Muryar Hetalben ba wasa a cikinta. "Ƙafa ɗaya ta zame. Da ɗaya take riƙe yanzu. Ta nutse ta taso ina kallo."

Ya ajiye tukunyar a ƙasa. Ya je ya yaye mayafin daga fuskar mahaifinsa. Bapa ya rufe ido, ya saki baki, ya yi mutuwar da ta fi ta gaske kyau.

"Bapa, don girman Ubangiji."

Wani ya ce a riƙe Mansukh, baƙin ciki ya taɓa shi.

Mansukh ya miƙe ya dubi jama'a. Bai taɓa yin jawabi a rayuwarsa ba, amma ya share maƙogwaro.

"'Yan'uwa, kun ji abin da Vallabhbhai ya faɗa. Ni ba zan saɓa wa maganar mahaifina ba. Tunda Bapa ya ba shi mangwaron kan iyaka, daga yau nasa ne. Ku zama shaida."

Gawar ta tashi zaune.

"Ubanka ne ya shuka ta, Vallabh?"

Waɗanda suke tsugune suka faɗi ta baya. Mai shayi ya tsallake dakalin bai san ya yi ba. Karsan ya tsaya cak da baki buɗe, Vallabh kuwa ya ja da baya har ya taka tukunyar garwashi ya hau rawa da ƙafa ɗaya.

"Ɗan da ban haifa ba," in ji Bapa yana nuna shi da yatsa. "Na gode wa Ram da ban haife ka ba. Kai kuma, mai cewa surukata ta huta, na gane muryarka."

"Jama'a," in ji Mansukh, "duk wanda ya sa kafaɗa, ladansa yana nan, za a ajiye masa zuwa ranar gaske. Yanzu gadon muke so. Bandi ce ta faɗa rijiyata, tana gab da nutsewa."

Sai wurin ya yi tsit, irin shirun da ba a yi wa Bapa ba.

"Bandi tamu?" in ji mai shayi daga bayan dakali.

"Tun yaushe?" in ji Karsan. "Kai wane irin mutum ne, kana tafiya kamar mai rakiyar amarya?"

Hannuwa suka yi wa gadon caa. Aka ɗaga shi sama, aka zura da gudu, dattawa suna riƙe da rawunansu. Bapa ya ƙanƙame katako yana tsalle a kan igiya.

"Ka gani ko, Mansukh," ya ce, haƙoransa suna haɗuwa. "Ni da aka haifa a garin nan, tafiya suka yi mini. Ita gudu."

A bakin rijiya Hetalben ta dubi taron fararen kaya, ta dubi tsohon da ke bisa gado, ta yanke shawarar ba za ta tambaya ba.

"Ram Ram, Bapa," ta gaishe shi. Ta ƙwanƙwasa ƙafar gadon da yatsa. "Itace mai kyau."

"Daga ƙasar waje aka kawo shi."

"Na gani. Ƙasar wajen da ke bayan tsaunin can. Ara mana shi, Bapa. Ya ɗan taɓa aikin gwamnati, tunda can ya fito."

Bapa ya buɗe baki zai yi gardama, sai wani sauti ya taso daga rijiyar, ba gurnani ba, wani abu kamar nishin tsohuwa mai ciwon ƙirji. Tsohon ya saurara. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya sauko da ɗayar, ya miƙe tsaye a gaban ƙauye duka, ya taka har bakin rijiya ya leƙa.

"Ke 'yar nan, riƙe da kyau," ya ce. "Ga shi nan zuwa. Ku kuma me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin mutum a tsaye ba?"

Hetalben ta ɗaure kusurwoyin gadon, ta haɗa igiyoyin a ƙulli ɗaya, ta ratsa doguwar igiyar ta kan tsohon gungumen da shanu suke jan guga a da. Aka zura gadon a hankali har ya taɓa ruwa. Bandi ta harare shi. Ta kai masa mari, ya juya. Sai ƙafar da take riƙe da bututu ta zame, ruwa ya rufe kanta.

Mansukh ya zuba ido. Ruwan ya yi ta zagaye, baƙi, ba komai a samansa sai ganyen da ya faɗa. Bai tuna da gidan yari ba, bai tuna da gyaɗa ba. Abin da ya zo masa shi ne yadda take ɗaga kai ta dube shi da safe idan ya zo kunna inji, ta mayar da kai ta kwanta, kamar ta ce, kai ne ashe.

Wata ƙafa mai faɗi ta fito ta damƙi saƙar igiya. Sai ta biyu. Gadon ya karkata, ya yi ƙara, bai karye ba. Bandi ta ja jikinta sama ta baje a kai, ruwa yana tsiyaya, cikinta yana hawa yana sauka.

"Kun gani," in ji Bapa. "Itace ke nan."

Hetalben ta bari ta huta sosai, sannan ta kora kowa can bayan shinge da bakin igiya, ta ce duk wanda ya ciro waya ya matso, shi za ta fara jefawa ciki. Maza suka jeru suka kama. Jan bai daidaita ba, wannan ya ja, wancan ya saki, sai da Karsan ya ɗaga murya da abin da bakinsa ya saba tun safe.

"Ram bolo, bhai."

"Ram," in ji jama'a, suka ja tare.

Da haka aka hau da ita, da waƙar kai mamaci. Da gadon ya kusa baki, Bandi ta miƙe, ta auna, ta yi tsalle. Ƙafafunta na baya suka harba gadon ya bugi dutse, ƙafar gadon ɗaya ta ɓalle, ƙullin ya zame. Aka ji faɗuwarsa can ƙasa, masu jan igiya kuma suka zube kan juna.

Bandi ta girgiza jiki. Ta tsaya ta dubi rijiyar, ta dubi Mansukh ta tsakanin ƙayar shinge, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya ta bi kunyar gyaɗarsa a hankali, tana ɗan tangaɗi, ta wuce wurin kwananta ba ta ko waiwaya ba. Ta kutsa ta ɓarakar shinge ta shiga gonar Vallabh, inda rijiya take da katanga har ƙugu. Ta zaɓi inuwa mai kyau ta kwanta, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta.

Vallabh ya haɗa hannuwa. Wannan karon hawayen gaske ne a idonsa.

"Za ta dawo, ko ben?" in ji Mansukh.

"Ni ma'aikaciyar daji ce, Mansukhbhai, ba mai sasanta aure ba." Hetalben ta naɗe igiyarta ta tafi ta nemi wurin da za ta zauna ta sa wa zakanyar ido har likita ya iso.

Jama'a suka watse, kowa ya tuna ya bar shago a rufe. Dhiru ya tafi yana cewa an yi masa asarar yini. Aka bar Mansukh da gonarsa, kore shar, gyaɗa ta fara nuna, ba mai gadi. Ya fara tunanin inda zai samo gwangwani, da ko tumbinsa zai hau rumfa.

"Kai ni gida," in ji Bapa. Yana zaune a kan injin ban-ruwa, ya miƙe ƙafafu.

"Bapa, kowa ya ga ka taka da ƙafarka."

"Don zakanya na taka. Kai zaki ne?"

Mansukh ya dubi hanya, ya dubi rana, ya dubi tsohon. Ya juya baya ya durƙusa. Bapa ya haye, ya sarƙe masa wuya da hannuwa, ya gyara zama kamar wanda ya daɗe yana jiran wannan.

"Ka bi ta kasuwa," ya ce. "Kuma a hankali. Akwai waɗanda ban ji muryarsu a jana'izata ba."